Tambaya Ta Biyu

Shekara biyu muna ɗaki ɗaya da Illa a Abu Hail, kowa a gidan yana ce mini matar Illa, ni kuma ina amsawa ko kunya babu. Ɗakin ma in ka kira shi ɗaki ka yi masa kara. Falo ne aka raba uku da katako, in maƙwabci ya yi atishawa kana kwance za ka yi masa addu'a. Babu wanda ya taɓa tambayar mu takarda. Mutane da yawa haka suke zaune a Dubai. Kowa ya san doka ta hana mace da namiji zama ɗaki ɗaya ba aure, kowa kuma ya san dokar ba ta hawowa bene ta ƙwanƙwasa ƙofa sai an kira ta. Abu biyu ke kiran ta: maƙwabcin da kuka yi faɗa da shi, da kuma ciki. Shi ya sa duk gidan babu mai fara'a ga maƙwabta kamar ni.

Sunana Zalika, 'yar Damagaram. Aurena na fari ya mutu ina da shekara ashirin da huɗu, na zo Dubai na samu aiki a wani ofishin kago, masu tura kaya gida, a Deira, saboda ina jin Faransanci da Hausa, kuma bakina ba ya mutuwa a gaban 'yan kasuwa. Illa ɗan Maraɗi ne, yana saya wa mutanen gida wayoyin hannu yana tura musu. Mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya hargagi, in na yi zazzaɓi shi ke dama mini kunu. Amma da za a yi gasar cewa "sai mun je gida", ba mai karɓe masa kofi. Duk sanda na ɗauko maganar aure sai ya ce, "Inshallah, in mun je gida a yi shi yadda ya kamata." Sallah huɗu ta wuce mu muna shirin zuwa gidan nan.

A watan Maris na 2012 na yi wautar da ko yarinya ba za ta yi ba. Wani irin kwaɗayi ya taso mini, ba na son shinkafa, ba na son nama, ƙamshin ƙasa kawai nake marmari, a garin da ko'ina siminti ne da gilashi. Sai na kira Inna Sabuwa, matar Baffa Dikko, ƙanin mahaifina. Su suka riƙe ni tun rasuwar iyayena. Muka gaisa, na ce, "Inna, in kin samu mai tahowa ki aiko mini da farar ƙasa da tsamiya."

Sai ta maimaita.

"Farar ƙasa?"

"I, marmari kawai."

"To," in ji ta.

Ni da nake kallon kwali in faɗi nauyinsa kafin a ɗora a sikeli, ban ji nauyin wannan "to" ɗin ba. Duk macen da ta tashi a ƙasar Hausa ta san mai neman farar ƙasa da tsamiya. Inna ta san abin da ke cikina kafin ni in sani.

Bayan kwana goma jiri ya kusa kayar da ni a bakin sikeli, na tafi wani ƙaramin asibiti kusa da Al Rigga. Ma'aikaciyar ta dawo da sakamako tana murmushi, ta yi mini barka, ta ce sati tara. Kafin in gama haɗiye wannan ta jawo takarda ta ce, "Ina takardar aure?"

Na ce tana gida, na manta.

"Ki kawo ta in za ki dawo. Idan babu ita ba za mu buɗe miki fayil ba."

A hankali ta faɗa, ba da mugunta ba, amma ta ɗan daɗe tana kallon katin shaidata. Na fito. A tashar jirgin ƙasa na ga 'yan sanda biyu suna hira, na rantse da Allah sai da na ji kamar cikin ya fito ya tsaya a gabana kowa yana gani, alhali ko ni ban ga alamarsa ba tukuna.

Tsorona ba na banza ba ne. A benenmu aka yi wata Pamela, 'yar Kafanchan, mai aiki a shagon gyaran gashi. Ta ɓoye nata cikin a cikin manyan riguna har wata tara, ba awo ba komai. Ranar da naƙuda ta zo da gardama dole aka kai ta asibiti. Daga gadon haihuwa aka wuce da ita gidan yari da jaririyar a hannu, saurayin ma aka ɗauke shi a wurin aikinsa. Bayan watanni aka sa su a jirgi. Ni na haɗa kayan ɗakinta a kwali uku na rubuta sunan yayarta a kai. Ina rubutawa ina cewa a raina, wannan sakarci har ina.

Ban je gida ba, na wuce Al Muraqqabat wurin Yaya Salamatou. Ita ce uwarmu 'yan Nijar a nan, shekararta goma sha biyar tana sayar da atamfa da turare, ta ga irin wannan ya fi a ƙirga. Ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta rufe ƙofa, ta ƙara ƙarar talabijin, ta ɗaga yatsu.

"Bon. Sati tara. Takarda kaɗai ba ta isa ba, suna duba kwanan wata. In aka haihu bai cika wata shida da ɗaurin aure ba, tambaya za ta tashi. Sati huɗu gare ki, in kin ja da yawa biyar. Ku ba sai kun je ba, ai ba a ɗaura aure da ango da amarya a zaune. Wakilai su ɗaura a gida ranar Juma'a, a kai meri, wato ofishin magajin gari, ya sa hannu, a buga hatimi a Yamai, a juya ta Larabci. Halas, shi ke nan."

Na ce, "Yaya, Baffa Dikko ne waliyyina."

Ta sauke yatsun. Ita ma 'yar Damagaram ce.

Sai na gaya muku wane ne Baffa. Na'ibin liman ne a masallacin unguwarmu, kuma shekara talatin duk auren da za a ɗaura a unguwar shi ake kira. Ba shi da kaushi, yara ma a jikinsa suke wasa. Amma in auren bazawara ne, yana da tambaya biyu da ba ya aiken kowa da su, da bakinsa yake yi wa matar. Ta fari: kin gama idda? Ta biyu: tsakaninki da Allah, babu ciki, kuma babu abin da ya shiga tsakaninki da mai neman nan? Domin a karatun da ya yi, wanda muka tashi a kai, in an riga an san juna sai mace ta yi istibra'i, wato ta zauna jini uku kafin a ɗaura. In kuwa da ciki, sai ta haihu. Auren da aka ɗaura a kan ciki ɓatacce ne, sai an sake. Ina 'yar shekara goma sha biyu na ga ya tashi taron ɗaurin aure an riga an raba goro, na 'yar wani mai kuɗi, saboda amsar da ta ba shi a zaure. Bai tona ta ba, cewa kawai ya yi a ɗaga. Uban bai ƙara gaishe shi ba har ya mutu.

To ga inda na tsaya. Dubai ta ce a ɗaura kafin in haihu, ko in tafi inda Pamela ta tafi. Baffa zai ce sai na haihu a ɗaura. Ni da abin da ke cikina muna tsakiya.

Da na gaya wa Illa sai ya zauna a bakin katifa ya riƙe kai. Can ya ɗago idonsa jajir ya ce, "Laifina ne."

"Wa ya ce na maƙwabta ne?"

A ranar, mutumin da ya shekara biyu yana "sai mun je gida" ya kira kawunsa Sanda a Maraɗi. Kafin la'asar an yi magana da Baffa, kafin kwana uku an kai gaisuwa, an tsayar da Juma'a ta sama. Ashe abin da ya gagara shekara biyu aikin yini uku ne. Na so in shaƙe shi, na kuma so in rungume shi, sai na yi wanke-wanke.

Kwana goman nan ban san yadda na yi su ba. Mai kawo tukunyar gas ya buga ƙofa, na tsinci kaina a banɗaki na murɗa makulli. Matar ɗakin kusa, 'yar Habasha, ta ji ina amai da safe ta tambaye ni ta bayan katako ko lafiya, na ce kifi na ci, na kuma kai mata turare kyauta don kada ta yi dogon tunani. A wurin aiki na rubuta Agadas a kwalin da za shi Tawa. Lambar asibitin nan ta kira ni sau biyu ban ɗauka ba, wataƙila tuni kawai za su yi mini, amma wa zai gwada? Duk wannan bai kai tambaya ta biyu ba. Ita nake kwana da ita nake tashi.

Yaya Salamatou ta ce, "Ki ce babu. Kalma ɗaya ce. Allah Ya san halin da kike ciki, in kin haihu ku gyara."

Illa ya ce, "Ki ce babu, ni na ɗauki zunubin."

Na ce, "Kai da ka kasa ɗaukar ranar aure, zunubi za ka ɗauka?"

Na gwada a gaban madubi. "Babu, Baffa." Fes take fita. Na yi wa jami'an kwastan ƙarya, na yi wa mai gidan haya, na yi wa duk benen nan ƙarya shekara biyu. Amma wannan mutumin shi ya ɗauke ni a kafaɗa ranar da aka fita da gawar mahaifina don kada in gani. Shi ya je ya karɓo mini takardar saki a hannun mijina na fari, ya dawo bai ce mini ko "na gaya miki" ba. In na ce babu, zai tafi masallaci ya ɗaura ɓataccen aure da hannunsa, a gaban mutanen da suka shekara talatin suna cewa in Malam Dikko ya ɗaura to ya ɗauru. In na ce akwai, zai ce a ɗaga, ni kuma sai in zaɓa: in zauna in jira 'yan sanda, ko in bar aiki da biza in koma in haihu a ɗakin Inna, ɗan ya tashi unguwa tana nuna shi da baki.

Ranar Juma'a ta zo. Ƙarfe goma sha ɗaya a nan, takwas na safe ke nan a gida, wayar ta yi ƙara. Illa yana tsaye da farar jallabiyarsa. Na nuna masa ƙofa, ya fita. Na zauna a ƙasa, don ban iya amsa wayar Baffa a kan kujera ba ko yana wata duniya.

"Baffa, kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Zalika. Ya zafi a can?"

"Da sauƙi, Baffa."

Ina jin kukan kaji a bayansa da ƙarar turmi. Ya tambayi aiki, ya tambayi Salamatou, ya ce mutanen Maraɗi sun iso tun jiya, mutanen kirki ne. Sannan ya gyara murya, ni kuma na dafe cikina da hannu ɗaya.

"Kin san ba a yi wa bazawara aure sai da bakinta. Kina son yaron nan?"

"Ina son shi, Baffa."

"Madalla. Iddar gidan da kika fito, kin gama ta?"

"Shekara bakwai ke nan, Baffa."

"Haka ne."

Sai shiru. Na buɗe baki na ajiye kalmar a kan harshe, har yau ban san wacce ce a cikin biyun ba. Ina jin numfashinsa. Turmin ya tsaya. Na ƙirga numfashi biyar, shida, bakwai.

"To," ya ce. "Allah Ya sa albarka. Bayan an sauko Juma'a za a ɗaura. Ki riƙa cin abinci."

Ya kashe.

Na zauna da wayar a kunne kamar wadda aka mara. Na ce ya manta. Tsufa ne, ga baƙi, ga hidima. Har na yi hamdala, Allah Ya yafe mini, na yi dariya ni kaɗai. Illa ya leƙo, na ce, "Bai tambaya ba." Ya daka tsalle har katakon ya girgiza, 'yar Habasha ta buga mana bango.

Ƙarfe shida saura na yamma Kawu Sanda ya kira, hayaniyar maroƙa a bayansa, ya ce an ɗaura. Yaya Salamatou ta zo da dabino da alewa, ta rasa abin da za ta gaya wa maƙwabta, ta ce musu ranar haihuwata ce. Aurena ke nan, amarya tana raba alewar ƙarya a bene na uku.

Takardar ta ɗauki sati biyar. Kullum sai na tsaya a gefe a gaban madubi in ga ko rigar ta fara ɗagawa. Ranar da ta iso, wani ɗan kasuwar Damagaram ya kawo mini ita ofis cikin babbar ambulan, da ƙullin leda daga Inna. Na shiga bayan kwalaye na buɗe. Ga ta nan, sunana da na Illa, kwanan wata daidai, hatimi har ba wurin sa yatsa. A ledar farar ƙasa ce da tsamiya, waɗanda na roƙa tun wata biyu. A ƙasan ambulan kuma wata 'yar takarda ce da aka yago daga littafin makaranta, an ninke ta huɗu, da rubutun ajami na Baffa, wanda da shi ya koya mini karatu.

Layi biyu ne. "Idan kin sauka lafiya ki sanar da ni, a sake ɗaurawa. Kafin nan ku ji tsoron Allah."

Na karanta sau uku. Na dubi farar ƙasar, sai a lokacin na ji "to" ɗin Inna.

Na kira ta a tsaye a wurin. Ban ko gaishe ta da kyau ba. "Inna, ke kika gaya masa?"

"Shekara arba'in ban ɓoye masa komai ba, da ke zan fara?" Ta ja numfashi. "Kwana uku bai ci tuwo ba. Ya je ya tambayi masu zuwa can abin da ake yi wa mace in an kama ta. Aka gaya masa har da jaririn ake rufewa."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya ɗaura naki, ya dawo ya ninke rawaninsa ya sa a akwati. An zo kiran shi aure uku tun daga nan, ya ce a nemi wani. Liman ya yi tafiya ran Talata, aka ce ya ja salla, ya tura wani ƙaramin malami gaba, shi ya koma sahu. Mutane suna ta tambaya ko ba shi da lafiya."

Washegari na kai takardar asibiti. Ma'aikaciyar nan ce dai. Ta duba kwanan wata, ta duba hatimi, ta buɗe mini fayil, ta kira ni da sunan Illa. Aka shafa mini abu mai sanyi a ciki, na ji bugun zuciya kamar ana tafi da sauri a ɗaki na kusa. Na fito na wuce 'yan sandan tasha, ko kallon su ban yi ba. Abin da na yi wata biyu ina roƙo ke nan, kuma na samu. Na yi kuka daga Al Rigga har Abu Hail.

Da yamma na ciro zanin gado na ɗaura igiya daga ƙusar agogo zuwa taga, na raba ɗakin nan da ba ya rabuwa. Illa ya dawo ya tsaya yana kallo. Na miƙa masa 'yar takardar, na karanta masa don bai iya ajami ba. Bai yi gardama ba. Ya ja tabarma ya koma wancan gefen, ƙafafunsa suna leƙowa ta ƙarƙashin zanin. Shekara biyu ba mu da takarda muna kwana katifa ɗaya. Yanzu duk hukumar Dubai ta yarda ni matarsa ce, ga labule a tsakaninmu.

Sai da na yi kwana huɗu kafin na iya kiran Baffa. Da hantsi ne a can. Na zauna a ƙasa.

"Baffa, saƙo ya iso."

"Madalla. Sun karɓa?"

"Sun karɓa."

"Alhamdu lillahi."

"Baffa, Inna ta ce kun daina ɗaura aure."

"Na tsufa, Zalika. Akwai yara."

"Ba tsufa ba ne." Na gyara zama. "Baffa, ranar nan, da kun tambaye ni, wallahi ban san abin da zan ce ba. Amma yanzu ina so in faɗa muku da bakina. Ni da Illa tun..."

"Zalika."

Ya katse ni, sannan ya ci gaba.

"Na san da na tambaye ki, ko dai ki yi mini ƙarya da sunan Allah, ko ki faɗi gaskiya in ce a ɗaga. Ban ga wadda zan iya ɗora miki ba a cikinsu, sai na ɗauki ta ukun. Wannan tawa ce, ni za a tambaya." Ya yi tari kaɗan. "Ban tambaye ki ba. Kada ki ba ni amsa."

Ina jin Inna daga nesa tana cewa ya tambaye ni ko tsamiyar ta isa.

"Innarki ta ce ko tsamiyar ta isa."

"Ta isa, Baffa."

"To, ki riƙa cin abinci."